Yadda Ake Karanta Sawun Tsohon Kogi da Tafki a Jikin Dutse

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana gina ta ya san ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Gugan farko ya fito da baƙar ƙasar noma, can a shiga jan burji, sai laka mai danƙo da ke kama bakin diga, daga nan maginin ya ɗago kai daga cikin rami ya ce a yi shiri, an taɓo yashi, ruwa ya kusa. Bai shiga ajin kowa ba, amma aikin da yake yi shi ne na masana duwatsu: yana bin shimfiɗun ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana fassara su. A 1987, a Dufuna da ke jihar Yobe ta yanzu, wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Da aka tono sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, awo kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Yashi da lakar da suka binne shi ruwa ne ya kawo su, sannu a hankali, damina bayan damina.

In irin wannan yashi da laka suka daɗe a binne, nauyin abin da ke kansu ya matse su, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bar wasu ma'adinai tsakanin ƙwayoyin kamar siminti, sai su koma dutse. Yashi ya zama dutsen yashi, laka ta zama dutsen laka mai ɓarewa falle-falle, tsakuwa ta dunƙule ta zama abu kamar kankaren da aka zuba. Wannan jagora na wanda yake so ya tsaya gaban irin wannan dutse ne ya iya cewa: nan kogi ne ya wuce, ga inda ya nufa, nan kuma tafki ne ya kwanta. Mabuɗin abin guda ne. Girman ƙwayar da ruwa ya ajiye shi ke nuna ƙarfin ruwan a ranar da ya ajiye ta. Sauran duk ƙarin bayani ne.

Mataki na farko: je makarantar kogi mai rai

Mutane da yawa suna tsallake wannan su tafi kai tsaye wurin dutse da guduma, shi ya sa suke dawowa da sunaye a baki ba fahimta. Ka bari sai rani ya yi, kogin garinku ya janye, ka ɗauki shebur ka sauka cikinsa.

Fara da tsakiyar kwarin, inda ruwa ya fi gudu a watan Agusta. Za ka tarar da tsakuwa da yashi mai gari-gari, irin wanda masu tifa suke so don buga bulo. Ka yi ta takowa zuwa gaɓa, za ka ji yashin yana ƙara laushi a ƙarƙashin ƙafarka. Ka hau gaɓar ka shiga fadama, sai laka zalla, wadda ta bushe ta dare gida-gida. Ruwa ɗaya ne ya ajiye duka ukun. Inda yake da ƙarfi ya kwashe mai laushi ya bar mai nauyi, inda ya malala ya kwanta ya sauke abin da ya rage.

Yanzu nemi tudun yashi a cikin kogin, ka sare gefensa da shebur ka yi ɗan bango miƙaƙƙe kamar na kamu biyu, ka shafe shi da tafin hannu a hankali. In ka jira iska ta ɗan busar da shi, za ka ga siraran layuka sun fito, ba a kwance ba, a karkace, duk sun jingina gefe guda. Duba inda suka gangara, ka duba inda kogin yake tafiya. Wuri ɗaya ne. Dalili kuwa shi ne ruwa yana tura yashi ya hau bayan tudu, ya zubo ta gabansa, kowane zubowa ya bar layi ɗaya. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ba zai sake mantawa ba, kuma zai gan shi a dutsen da ya shekara miliyan 100 ba tare da an nuna masa ba.

Kafin ka bar kogin, lura da ƙananan kunyoyin da ruwa ya bari a kan yashi. Na ruwa mai gudu gefe ɗaya ya fi tsayuwa, ɗayan ya kwanta, kuma tsayayyen shi ne yake kallon inda ruwan ya nufa. A bakin kududdufi ko tafki, inda ruwa ke kai da komowa kawai, gefen biyu daidai suke.

Akwai gwajin gida da ke ƙara fito da abin fili: cika kwalba da ruwa, zuba cokali uku na ƙasar kogi, girgiza, ajiye. Yashi zai zauna kafin ka ƙirga goma. Mai laushi zai ɗauki wasu mintoci. Ruwan zai kwana da duhu-duhu saboda yumɓun da bai sauka ba. Duk inda ka ga yumɓu mai kauri a dutse, to ruwa ya daɗe a tsaye a wurin.

Mataki na biyu: kaya da izini

Kayan ba su da yawa: guduma da cizal, tef ɗin awo, gilashin ƙara girma mai ninki goma, kamfas (na waya ma ya isa), littafi mai kauri da fensir don biro ba ya jure zufa da ƙura, ledoji da abin rubutu a kansu, ruwan sha, da tabarau don tsaron ido in za ka fasa dutse. Masana suna riƙe ɗan ruwan asid mai rauni don gwada dutsen farar ƙasa. In ba ka da shi, ka kankare dutsen ya zama gari ka ɗiga masa ruwan lemon tsami, in farar ƙasa ce za ka ga yana ɗan kumfa.

Izinin ya fi kayan muhimmanci. Baƙo da guduma yana ƙwanƙwasa duwatsu yana zubawa a leda, a ƙauyukanmu na yau fassararsa ɗaya ce: mai neman zinariya. Ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da yaro ɗan gari. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya san kwazazzabon da ya fi zurfi, ya san kuma dajin da ba a shiga yanzu. Kada ka tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta rataya, musamman bayan ruwan sama. A ƙasar Gombe kuwa, musamman wajen Kaltungo, kububuwa tana kwance ƙarƙashin duwatsu, saboda haka takalmi mai rufi, kuma a juya dutse da guduma ba da hannu ba.

Mataki na uku: zaɓi wurin da ya dace

Ba ko'ina ake samun waɗannan duwatsu ba. Kano da Zariya da Gusau da mafi yawan Katsina suna zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, irin na Kufena da Kwatarkwashi, wanda daga narkakken dutse da matsin cikin ƙasa ya samu, ba shi da shimfiɗar ruwa. Sai ka nufi kwaruruwan da suka kewaye shi.

Ta gabas akwai kwarin Binuwai da reshensa na Gongola. Wannan tsagewa ce da ta auku lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suke rabuwa, ƙasa ta nutse, koguna suka yi ta zuba yashi a ciki. Abin da suka zuba shi ne ake kira dutsen yashin Bima, da sunan dutsen Bima na ƙasar Gombe. Ya haura shekara miliyan 100, kaurinsa a wajen Lamurde ya kai kimanin kilomita 3. A wurina babu ajin koyon tsohon kogi da ya kai shi a arewacin Najeriya. Ta yamma akwai kwarin Sakkwato, wanda gefe ne na babban kwarin da ya mamaye yammacin Nijar. Shimfiɗarsa ta ƙasa ana kiranta Gundumi, ta koguna da tafkuna ce, kuma a cikinta ake tsintar itatuwan da suka koma dutse. Ta arewa maso gabas kuma kwarin Cadi, inda lakar tafki ta fi yawa.

A cikin waɗannan yankuna, nemi inda aka yanka ƙasa: gefen titin da aka fasa tudu, ramin ɗibar ƙasa, gaɓar kogi, kwazazzabo. Zaizayar ƙasa masifa ce ga manomi, amma ita ke buɗe wa mai nazari littafin.

Mataki na huɗu: tsaya nesa tukuna

Kada ka taɓa dutsen sai ka yi minti goma kana kallonsa daga tazarar taku ashirin ko talatin, kana zana shi a littafi ko da ba ka iya zane ba. Zane yana tilasta wa ido ya ga abin da hoton waya ke ɓoyewa. Tambaya ɗaya kake nema wa amsa: shimfiɗun nan suna tafiya a miƙe da kauri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, ko suna kumbura a tsakiya su sirance su ɓace? Mai miƙewa kamar tabarmi da aka jera alamar ruwa mai faɗi ne a kwance. Mai siffar ƙwarya, gindi a lanƙwashe sama a shafe, wannan kwarin kogi ne da yashi ya cike.

Ka kuma ware abin da ba na ruwan ba. Jar marmara da ke rufe kan tuddai da yawa ba kogi ne ya ajiye ta ba, rana da ruwan sama ne suka dafa saman dutsen daga baya, ƙarfe ya taru ya ƙafe. Ɗalibai sukan sa ta a lissafi a matsayin shimfiɗar ƙarshe, kuskure ne.

Mataki na biyar: fara daga ƙasa, ka auna

Ƙa'idar mai sauƙi ce: na ƙasa ya riga na sama zuwa, kamar jeren bulo a gini. Wani masani ɗan Denmak, Nicolas Steno, ya rubuta ta a 1669, har yau a kanta ake. Saboda haka labarin daga gindi yake farawa.

Raba shafin littafinka gida uku. A hagu ma'aunin tsawo, misali kowane santimita ɗaya a takarda ya tsaya a madadin santimita 20 na dutse. A tsakiya zanen shimfiɗun, kuma ga dabarar da masana ke yi: faɗin kowace shimfiɗa a zane ya bi girman ƙwayarta, laka siririya, yashi ya fi ta faɗi, tsakuwa ta fi kowa. In ka gama, gefen zanen zai yi shiga da fita kamar haƙoran zarto, kuma daga wannan siffa kaɗai za a gane yadda ƙarfin ruwa ya yi ta hawa da sauka. A dama kuma bayani: launi, layukan ciki, burbushin halittu, lambar samfurin da ka ɗauka.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne mahaɗar shimfiɗa biyu. Sa yatsa a kanta ka bi ta. In laka ta rikiɗa ta zama yashi a hankali ba ka san inda ɗaya ya ƙare ba, canjin sannu ne. In kuwa yashi ya zauna kan laka da kaifi, mahaɗar ta yi kwari-kwari, har ga gutsattsarin lakar a cikin gindin yashin, to ambaliya ce ta zo ta ƙwaƙule abin da ta tarar kafin ta sauke kayanta. A irin wannan wuri an yage wasu shafuka na labarin, ba za a sake samunsu ba.

Mataki na shida: ƙwayoyi

Ma'aunin da aka yarda da shi shi ne: abin da ya haura milimita 2 tsakuwa ne, daga nan zuwa kashi ɗaya cikin 16 na milimita yashi ne, ƙasa da haka laka. A daji ba mai auna wannan da tef. In ido yana ganin ƙwaya, yashi ne. In ba ya gani, masana sukan ɗan gutsura su murza tsakanin haƙoran gaba: in ya yi ƙaras-ƙaras laka ce mai gari, in ya narke kamar man shanu yumɓu ne. Mata masu ginin tukwane sun riga kowa sanin wannan bambanci da yatsunsu.

Da gilashin ƙara girma, duba abu uku. Ƙwayoyin girmansu ɗaya ko a cakuɗe suke, manya da ƙanana? Masu kaifi ne ko sun mulmule? Kuma da me aka yi su? Cakuɗaɗɗu masu kaifi ba su yi nisa da inda aka ɓallo su ba. Mulmulallu masu girma ɗaya sun sha tafiya. Fiye da shekara 900 da suka wuce masanin nan musulmi al-Biruni ya lura da haka a ƙasar Indiya: duwatsun da ake tonowa manya ne kusa da tsaunuka inda koguna ke da ƙarfi, suna ƙanƙancewa in an yi nisa, su zama yashi a kusa da teku. Daga nan ya ce filin nan duka koguna ne suka cike shi.

A dutsen Bima za ka ga, ban da ƙwayoyi masu sheƙi kamar gilashi, akwai wasu farare ko masu ruwan hoda da ba sa sheƙi sosai. Wannan ma'adini ne da ake kira felsfa, daga dutsen tushe yake fitowa, kuma ba ya jure doguwar tafiya ko daɗewa a jiƙe, ruɓewa yake ya zama farin yumɓu. Yawansa a Bima shaida ce cewa tsaunukan da suka ba da yashin suna kusa, kuma an binne shi da sauri.

Launi yana taimakawa amma ba a rantsuwa da shi. Ja yakan nuna ƙarfen ciki ya sha iska ya yi tsatsa, wato wurin yana bushewa. Baƙi ko toka-toka yakan nuna ruwa a tsaye, babu iska a gindinsa, ganye da ƙananan halittu sun taru ba su gama ruɓewa ba. Sai dai saman dutse yana canza launi da daɗewa a fili, don haka a fasa a duba ciki.

Mataki na bakwai: kogi ne ko tafki?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan gaggawa. Alama ɗaya ba ta isa hukunci. Ana tara shaidu ne har su yi rinjaye.

Sa hannun kogi shi ne jeri mai farawa da kauri ya ƙare da laushi. A gindi ƙwaƙulalliyar mahaɗa da tsakuwa, a kanta yashi mai karkatattun layuka irin waɗanda ka gani da shebur, sama yashi mai laushi da ƙananan kunyoyi, can ƙarshe laka. Sai kuma wata ƙwaƙulalliyar mahaɗa, a sake sabon zagaye. Abin da ya faru shi ne kogi ba ya zama wuri ɗaya. Yana cin gaɓa ta waje yana ajiye yashi ta ciki, a haka yake matsawa gefe, har wurin da yake tsakiyar ruwa a da ya koma gaɓa, daga baya ya koma fadama. Abin da ka taka a kwance daga tsakiyar kogi zuwa fadama a mataki na farko, shi ne kake gani a tsaye a jikin dutse. Kaurin yashin zagaye ɗaya, daga tsakuwar gindi zuwa inda laka ta fara, yana ba ka kimanin zurfin kogin in ya cika.

Koguna ma iri-iri ne. Mai lanƙwasa kamar maciji a cikin shimfiɗaɗɗiyar fadama, irin Komadugu Yobe, yana barin laka mai yawa da kwaruruwan yashi jefi-jefi a cikinta. Mai rarrabuwa rassa-rassa tsakanin tsibiran yashi, kamar yadda Binuwai yake a Yola da rani, yana barin yashi kan yashi, laka kaɗan. Tsakiya da saman shimfiɗun dutsen yashin Bima irin na biyun ne. Gindinsa kuwa akwai manyan tsakuwa da suka zubo daga bakin tsaunuka, da kuma baƙar lakar tafkunan da suka kwanta a cikin tsagewar.

A cikin lakar fadama nemi shaidar cewa wurin ya sha rana: darewar laka da yashi ya cike, siraran layukan saiwa masu gangarawa ƙasa suna rassa, dabbare-dabbaren ja da toka, dunƙule-dunƙulen farar ƙasa kamar gyaɗa. Wannan tsohuwar ƙasar noma ce da aka binne.

Don sanin inda kogin ya nufa, ɗora kamfas ka rubuta inda karkatattun layukan suka gangara. Kada ka tsaya a ɗaya, kogi yana lanƙwasa. Auna ashirin ko talatin a wurare daban-daban ka ga inda suka fi rinjaya. In duk sun taru gefe guda, kogi ne mai rassa da ke gangarowa kai tsaye. In sun bazu kamar mafici, mai lanƙwasa ne. Faffaɗan tsakuwa ma suna magana: suna jingina da juna, gindinsu ya karkata wajen da ruwan ya fito.

Tafki kuwa halinsa haƙuri ne. Siraran shimfiɗu kamar shafukan littafi, a miƙe, za ka bi guda ɗaya tsawon ramin duka ba ta canza ba. Yawanci laka ce mai duhu. In ka tsaga ta da wuƙa kana iya samun ɓawon kifi, ƙananan dodon-koɗi, ko ganye a kwance. A wasu tafkuna kowace shekara tana barin layi biyu, mai haske da mai duhu, har ana ƙirga su kamar yadda ake ƙirga zoben itace. Tafkin Yoa da ke Ounianga a arewacin Cadi yana da irin wannan jeri na kimanin shekara 6,000, daga cikinsa aka karanta yadda Sahara ta bushe sannu a hankali.

Inda kogi ya shiga tafki jerin juyewa yake yi: laka a ƙasa, yashi mai laushi a kanta, mai kauri a sama, saboda bakin kogin yana turo yashinsa yana cike tafkin. Wato in zanenka yana faɗaɗa zuwa sama, tunaninka ya tafi ga bakin tafki ko na teku. In yana sirancewa zuwa sama, ya tafi ga kwarin kogi.

Akwai alamu biyu na tafki da ba su da wuyar ganewa. Ɗaya farin dutse ne mara nauyi kamar alli, mai manne wa harshe, wanda ba ya kumfa da asid. Ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa ne da ido ba ya gani, suka taru bila adadin. Ana samunsa a wajen Bularafa a jihar Yobe, kuma shi ne ya shimfiɗe kwarin Bodele a Cadi, inda iskar hunturu ke kwasarsa. Wani kaso na hazon da ke rufe mana gari a watan Janairu gindin tsohon tafki ne yake yawo a sama. Ta biyu ita ce kanwa da gishiri, alamar tafkin da ba shi da mafita, rana ta shanye ruwansa.

Tsohon tafkin da ya kwanta a kwarin Bodele ba ƙarami ba ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin Cadi ya mamaye abin da ya kai murabba'in kilomita 350,000, alhali a shekarun 1960 da ake cewa yana cike bai wuce 25,000 ba. Bakinsa na wancan zamani yana nan, dogon tudun yashi ne da ya ratsa Bama da Maiduguri. Baƙar lakar firgi da ake shuka masakwa a kanta, abin da ruwan ya bari ne da ya janye.

Mataki na takwas: kore masu kama

Kama da wane ba wane ba ce. Abu biyu ke ruɗar mai koyo: iska da teku.

Tudun rairayin hamada ma yana barin karkatattun layuka, amma manya, wani sa'in sun fi tsayin mutum, yashin mai laushi ne girmansa ɗaya, ba tsakuwa, ba gutsattsarin laka, ƙwayoyin kuma sun dushe ba sa sheƙi. Teku kuwa burbushin halittunsa ke tona shi. A ƙasar Gombe, in ka bi shimfiɗun daga Bima zuwa sama, za ka ga yashi yana raguwa laka tana ƙaruwa, sai ga ɓawon kawa, sai ga farar ƙasar Ashaka da ake siminti da ita, cike da wasu naɗaɗɗun ɓawo kamar ƙahon rago. Waɗannan halittun teku ne zalla. Teku ya taɓa shigowa har nan fiye da shekara miliyan 90 da suka wuce. Haka farar ƙasar Kalambaina a Sakkwato, ita ma ta teku ce, kodayake ta wani zamani ce daga baya, a kanta kuma shimfiɗar Gwandu ta zauna bayan ruwan gishirin ya janye koguna sun dawo.

In ka yi sa'a ka ga ƙashi, kada ka tono shi. Ƙashin da aka raba da shimfiɗarsa ya rasa rabin amfaninsa. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a Nijar, daga dutsen yashin tsofaffin koguna masu kimanin shekara miliyan 110 aka fito da ƙasusuwan wani kada da ya kai tsawon mita 9 ko fiye, da na manyan dabbobin nan da suka ƙare da ake kira dainoso, tun daga aikin masanin burbushin halittu Philippe Taquet a shekarun 1960 har zuwa na takwaransa Paul Sereno a ƙarshen shekarun 1990. An san a kogi kadan nan ya rayu ne saboda an karanta yashin da ya kwanta a ciki. Ɗauki hoto da wani abu a gefe don a gane girma, rubuta wurin, ka sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa, kamar na Zariya, Bauci ko Maiduguri.

Mataki na tara: batun shekaru

Da ido ba za ka san shekarun dutse ba, abin da za ka sani shi ne wanne ya riga wanne. Kuma kada kauri ya yaudare ka. Ambaliyar dare ɗaya tana iya ajiye yashi mita guda, amma mita guda na lakar tafki yana iya cin shekara dubu, ga shi kuma laka tana matsewa ta rage kauri ƙwarai in an danne ta. Lissafin shekaru aikin ɗakin gwaji ne. Gawayi, itace ko ɓawo da bai wuce shekara 50,000 ba ana auna shi da sinadarin kabon, da shi aka auna kwalekwalen Dufuna. Yashi ana iya auna ranar da ya rabu da hasken rana, amma samfurinsa sai an buga bututu a ɗauke shi cikin duhu. Tsofaffin duwatsu irin Bima kuwa ana dogara ne da ƙwayoyin furen tsirrai da suka maƙale a laka, da burbushin halittun shimfiɗun da ke samansu, da kuma duwatsun aman wuta da suka ratsa su.

Mataki na goma: rubuta, ka gwada a wani wuri

A littafinka ka raba abin da ka gani da abin da kake zato, kowanne da shafinsa. "Yashi mai kauri, mita 2, gindi a ƙwaƙule, layuka sun gangara arewa maso yamma" gani ne, zai tsaya ko bayan shekara ashirin. "Kwarin kogi mai rassa" zato ne, gobe wani rami na iya rushe shi. Sannan ka je rami na biyu da na uku a tazarar kilomita ɗaya ko biyu ka sake aunawa. Shimfiɗar tafki za ka same ta a can tana jiranka. Yashin kogi kuwa sau da yawa ya ɓace, laka ta maye gurbinsa.

Wannan shi ke bayyana abin da ke haddasa gardama a unguwa: maƙwabci ya gina rijiya ya sami ruwa a gaba goma, kai ka wuce gaba goma sha biyar laka kake fitarwa. Shi ya faɗa kan tsohon kwarin kogi, kai kana kan fadamarsa. Yashi ke riƙe ruwa, laka ke tare shi. A Maiduguri an daɗe da sanin cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa hawa uku ne, kowane hawa yashi ne da lakar tsohon tafki ta rufe, shi ya sa burtsatsen da aka haƙa zuwa hawa na tsakiya a sassan Borno ruwansu ya riƙa fitowa da kansa ba famfo. In za ka gina rijiya a irin wannan ƙasa, ka fara zagaya rijiyoyin da ke kewaye, ka tambayi maginan a gaba nawa suka taɓo yashi da kuma kaurinsa, ka sa kowace a takarda da alamarta. Waɗanda suka sami yashi mai kauri yawanci za su jeru a layi mai lanƙwasa, kuma a kan wannan layin za ka sa diga.